FASHIN BAƘI: Aswaki na nan, amma sukari ya sauya lissafi a bakin yaran cikin birnin Kano

Mutanen cikin ganuwar Kano ba baƙin tsaftar baki ba ne. Tun kafin makilin ya shigo kantuna ake sayar da aswaki ɗauri-ɗauri a Kasuwar Kurmi da ƙofofin masallatai, kuma dattijon Yakasai ko Mandawari yakan goge haƙoransa kusan duk lokacin da zai yi alwala. Abin da ya sauya shi ne abin da ke shiga bakin: shayi mai zaƙi da safe, alawa da biskit a ƙofar makaranta, lemon kwalba da rana, wani shayin kuma bayan isha'i.

A jikin haƙori akwai wani danƙo mai laushi da ƙwayoyin cuta ke taruwa a cikinsa. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, sai su mayar da shi sinadari mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori. Miyau ne ke wanke tsamin ya kuma gyara ɓawon, amma yana buƙatar lokaci. Shi ya sa yaron da ke tsotsar alawa ɗaiɗai tun safe har magariba ya fi shiga haɗari a kan wanda ya sha zaƙinsa lokaci guda tare da abinci. Da dare kuwa miyau na raguwa, don haka kwanciya da datti a baki ita ce ɓarna mafi girma. Wannan zaizaya ce ke zama kogo. Babu wata tsutsa a ciki, komai abin da masu "cire tsutsa" za su nuna wa jama'a a bakin kasuwa.

Aswaki yana kankare danƙon, amma da ƙyar yake kaiwa bayan turame, kuma ba ya maye gurbin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya makilin mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Ƙa'idar likitoci ba ta da tsawo: buroshi mai laushi sau biyu a rana, minti biyu, na ƙarshen kafin barci. A tofar da kumfar, kada a kurkure. Yaron da bai kai shekara uku ba, makilin kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, kuma babba ne zai goge masa. Aswaki ya ci gaba da aikinsa a tsakanin salloli, a riƙa yanke bakinsa idan ya tsufa. Toka da gawayi kuwa haƙorin suke cinyewa.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen dasashi. Mutum ya ga jini sai ya daina gogewa, alhali jinin alama ce ta kumburin da danƙon ya haifar. Ga yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana, wannan kumburi na iya zama mafarin noma, cutar da ke cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, mafi yawa a yara 'yan shekara biyu zuwa shida. Sakkwato na da asibiti guda domin ta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa aka shigar da ita jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Idan aka tare ta a matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsafta da abinci mai gina jiki na iya dakatar da ita.

A nan batun ya fita daga tsakar gida ya shiga siyasa. Mazaunin Jakara da haƙori ya hana barci yakan nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, sau da yawa bayan kogon ya yi zurfin da sai dai cirewa. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, amma ba ta ware kuɗin domin lafiya ba, balle domin duba bakin yara a asibitocin unguwa da makarantun firamare.