Yadda Ake Sanya Sabuwar Ƙwaƙwalwar Mota, Da Abin Da Wayarka Za Ta Iya Yi Maka

Yawancin motocin da ke amfani da nozul maimakon kafireto suna da ƙaramar kwamfuta da ake kira ECU, wadda bakanikai ke ce wa ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke karɓar bayani daga na'urorin da ke auna iska, zafin inji da juyawarsa, sannan ta yanke yawan man da kowane nozul zai fesa da lokacin da zai fesa shi. Idan ta lalace, mota kan riƙa shan mai, ko mutuwa a hanya, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Kafin ka kashe kuɗi

Sau da yawa laifin ba nata ba ne. Fis da ya ƙone ko wayar da ɓera ya ci kan kawo irin wannan matsala. A nan wayarka za ta yi amfani. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunansa OBD2. Ka soka ƙaramar na'urar ELM327 a ciki, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Lambobin P0201 zuwa P0204 na nuni ga layin wutar nozul, don haka a fara duba wayoyi. P0601 ko P0606 kuwa na nuni ga cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Matakan sanyawa

1. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohuwar. A Toyota yawanci tana farawa da 89661. Dole lambar sabuwar ta dace, domin ta mota mai giyar hannu daban take da ta otomatik.
2. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka cire kan batir mai alamar (-), sannan ka jira mintoci kaɗan.
3. Ka ɓalle makullan soket a hankali. Kada ka ja wayoyin, kada kuma ka taɓa ƙananan ƙarafunan ciki da yatsa.
4. Ka kwance tsohuwar, ka ɗaure sabuwar, ka tura soket har sai ya kama sosai, sannan ka mayar da batir.

Inda mutane ke faɗuwa

Idan makullin motarka na da guntun lantarki a ciki, injin zai iya juyawa amma ya ƙi kamawa. Ba lalacewa ba ce: sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta san makullin ba, kamar wayar da aka sa wa lambar sirri. ELM327 da manhajar kyauta ba za su warware wannan ba, sai ƙwararre mai babbar na'urar da ke haɗa su.

Abu na ƙarshe, ka gano abin da ya kashe ta farkon. In ruwa ne ya shiga, ko an juya kan batir, ko wayoyi na haɗuwa, ka gyara tukuna. In ba haka ba, sabuwar ma haka za ta ƙone.