Makaranta a Tsakar Gida: Yadda Wani Iyali a Mai'adua Yake Koyar da 'Ya'yansa

Iyaye da yawa sukan ce, "Mun biya kuɗin makaranta, sauran aikin na malam ne." Amma shekarun nan sun nuna mana cewa ƙofar makaranta takan rufe ba shiri. A watan Maris na shekarar annoba, wato 2020, aka rufe makarantun Nijeriya duka saboda cutar korona. Ba a daɗe da komawa ba, sai aka sace 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, gwamnatin Jihar Katsina ta sake rufe makarantu. A 2025 kuma aka ba da hutu na dukan watan azumi. Mu malamai mun san abin da yakan biyo baya. Yaron da ya tafi hutu yana karanta jimla, yakan komo yana laluben baƙaƙe. To, wa zai riƙe yaron nan in aji ya rufe?

A garin Mai'adua, can bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, akwai wani gida da ya ba da amsa. Maigidan ma'aikaci ne, uwargidan kuwa tana ɗinki. 'Ya'yansu uku ne, mata biyu da auta namiji. Tun 2020 uwar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta mai da ita aji, ba ta kuwa naɗe ta ba har yau.

Yadda Yini Yake Tafiya

Da asuba sukan yi addu'a tare, babbar 'yar ta karanta aya biyu ko uku daga Littafi Mai Tsarki na Hausa da babbar murya. Uwar ta ce da haka takan gane kalmomin da suke ba yarinyar wuya. Bayan shara da karin kumallo sai a zauna, sa'a ɗaya da rabi kawai, kafin rana ta yi zafi. Ba allo na bango, ba tebur. Auta yakan rubuta baƙaƙensa a ƙasa da ɗan tsinke, in ya yi kuskure ya shafe da tafin hannu. Yayyensa suna da littafin rubutu ɗaya ɗaya.

Da Hausa ake fara kome. Uwar ta ce yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba zai gagare shi ba. Saboda haka akwai Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a gidan, duk ta tsufa don yawan juyawa. In an karanta labari, sai uwar ta rufe littafin ta ce, "To, ke 'yar autar mata, faɗa mini da bakinki." Wanda bai iya maimaita labari ba, bai fahimce shi ba tukuna.

Lissafi kuwa a bakin murhu da gindin keken ɗinki ake yinsa. Mudu nawa ne a tiya? In yadi biyu da rabi ya isa riga ɗaya, yadi nawa za a saya don riguna uku? Abin lura shi ne, aikin gida bai zama na 'yan mata kaɗai ba. Auta ma yana wanke kwanonsa, don kada yayyensa su rasa lokacin karatu.

Kasuwa Ma Aji Ce

Kasuwar Mai'adua ranar Lahadi take ci, kuma sananniya ce wajen dabbobi, har daga Nijar ake kawo su. Iyalin nan ba sa barin sujada domin kasuwa. Sai an tashi, an ci abinci, sa'an nan maigida ya riƙe hannun yara su shiga. A kara yara sukan ga shanu da tumaki da raƙuma, su ji yadda dillali yake taya ciniki da yadda mai dabba yake cewa albarka.

Darasi mafi daɗi a wurin 'yan canji yake. Mutanen Nijar da sefa suke ciniki, kuma a ƙirgensu na Hausa dala ɗaya tamma biyar ce, jaka ɗaya kuwa tamma dubu. Sai uban ya ce, "In dala ɗaya biyar ce, dala ashirin fa?" Yara su yi ta ƙirga da yatsu har su kai ɗari. "To, dala nawa ne a jaka?" Ranar da babbar ta ce ɗari biyu ba tare da taimako ba, wani ɗan canji ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan 'yar taka za ta ƙwace mana sana'a." Ta haka jadawalin biyar ya zauna mata daram.

Ziyara Zuwa Daura da Kwangwalam

Sau ɗaya a 'yan watanni sukan shiga mota su tafi Daura. Can suka ga rijiyar Kusugu da idonsu. Tun a gida uwar ta ba su labarin da aka gada: macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajida da ya kashe shi ya auri Sarauniya Daurama. A bakin rijiyar aka sa su lissafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. 'Yar tsakiya ta tambaya, "Baba, da gaske ne haka ya faru?" Uban ya bayyana mata bambancin labarin da kakanni suka bari a baki da abin da aka rubuta a lokacin da ya auku. Sun kuma tsaya a ƙofar fada, aka koya musu gaisuwar da ta dace da dogarai da dattawa.

Wata rana kuma suka je Kwangwalam, inda ƙasarmu ta ƙare. Aka nuna musu cewa hanyar nan ta wuce Matamaye har Damagaram. Auta ya rasa gane yadda mutanen hayin can suke Hausa kamarsa, amma a ce wata ƙasa ce. Nan aka ba su labarin yadda Ingila da Faransa suka shata iyaka a zamanin mulkin mallaka.

Ko yawon yamma a bayan gari ba a barinsa ya tafi a banza. Yara sun san aduwa da kuka da dogon yaro. Sun lura da kansu cewa gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero yake yin kyau a gindinsa.

Abin da Gida Ba Zai Iya Ba

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a cire yara daga makaranta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su ga 'ya'yansu sun yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Takardar shaida ma daga makaranta take fitowa. Yaran gidan nan suna zuwa aji duk lokacin da yake buɗe, tabarmar kuwa ta koma ta yamma da Asabar da lokacin hutu. Uwar ba ta ɓoye wahalar ba. Wata rana ɗinki yakan tsaya, kuɗi ya ragu. Lissafin aji shida kuma ya fara fin ƙarfinta, sai ta nemi wata malama a zumuntar mata ta riƙa duba aikin babbar.

Ya ku iyaye, ba sai da takardar malanta ba. Ku tuna Timoti, a wurin uwarsa da kakarsa ya fara koyo. In ba ku iya karatu ba, ku sa yaro ya karanta muku, ku yi masa tambaya. Ku ba shi canji ya ƙirga. Ku kai shi gona, ku kai shi gun kakarsa ya ji tatsuniya. Da sanyin safiya ake kama fara. A makon nan ku zaɓi rabin sa'a guda, ku shimfiɗa tabarma, ku fara.