Zinariyar uwa: daga Zalika Sule zuwa Magajiya

A cikin watan Satumba na shekara ta 2016, a babban bikin sinima na birnin Toronto, ƙasar Kanada, aka nuna wani fim na Nijar mai suna Zin'naariyâ!, watau zinariya. Matar da ta tsara labarin, ta kuma jagoranci ɗaukarsa, ita ce Rahmatu Keita, haifaffiyar Yamai. Yarinyar da labarin ya rataya a wuyanta tun daga farkonsa har ƙarshe kuwa, mai kimanin shekara 20 a lokacin, sunanta Magaajyia Silberfeld, kuma ɗiyar Rahmatu ce ta cikinta.

Duk mahaifin da ya taɓa zama a farfajiyar lakwal ranar rabon kyaututtuka, ya ji an kira sunan ɗansa a gaban jama'a, ya ɗanɗani wani abu daga cikin irin wannan daɗi. Na sinima ya ma fi, domin fuskar yaro ce za ta cika bango, ɗaruruwan mutanen da ba su san shi ba su yi tsit suna saurarensa. Sai dai a Nijar wannan alfahari bai samu a banza ba. Akwai wadda ta biya kuɗinsa shekara 50 kafin wannan rana, kuma kaɗan ne suka kai Rahmatu sanin ko nawa aka biya.

WADDA TA SHARE HANYA

A shekara ta 1966 Mustafa Alasan ya yi fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A cikin samarin nan akwai mace guda, sanye da wando da malafa irin tasu. Ita ce Zalika Sule, wadda aka haifa a Yamai a 1947, ba ta ko cika shekara 20 ba. Daga nan sai Umaru Ganda ya ɗauke ta a cikin Cabascabo, sa'an nan Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji da ya komo daga Makka ya ƙara mata ta uku da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu, watau Dokin Yennenga, a 1972. A zamanin nan Nijar tana sahun gaba a sinimar Afirka, kuma fuskar Zalika ce aka fi sani a cikin matan da ke wasa.

To, amma sunan da ta yi a waje bai kare ta a gida ba. Yawancin matsayin da ake ba ta na mace mai ɗaurin kai ne: kishiya mai mugun nufi, matar aure mai cin amana, mace mai zaman kanta. Ƴan kallo da yawa na wancan lokaci ba su raba wasa da gaskiya ba. Abin da suka gani a bango shi suka ɗauka halinta ne, suka bi ta da zagi da gori a titi. A irin wannan hali, uban da ya ji ɗiyarsa tana sha'awar sinima ba murna zai yi ba, ƙofa zai rufe.

Da sinimar Nijar ta durƙushe daga shekarun 1980, bayan rasuwar Umaru Ganda ranar 1 ga Janairu 1981, sai Zalika ta rasa duka biyu: ba aiki, ba dukiya. A nan ne hanyarta ta gamu da ta Rahmatu Keita, wadda ta yi karatu a Pari, ta yi aikin jarida a telebijin ta Faransa. Rahmatu ta komo Yamai da kamara, ta yi fim na gaskiya a kan rayuwar Zalika mai suna Al'lèèssi, kalmar Sonrai mai nufin ƙaddara, wanda aka nuna a bikin Kan na Faransa a 2005. A cikinsa an ga tauraruwar jiya a ɗan ƙaramin gida marar famfo, tana fama da ɗawainiyar ɗiyanta, an kuma ji cewa daga baya ta fita ƙasar waje aikatau. Zalika ta rasu a watan Yuli na 2021.

Wannan shi ya sa zancen Magaajyia ya wuce na uwa mai son ɗiyarta ta yi suna. Matar da ta zauna ta saurari Zalika, ta ga abin da sana'ar ta bar mata, ita ce ta ɗauki ɗiyar cikinta ta tsayar a gaban kamara. Ba wanda zai ce da rashin sani ta yi.

LABARIN ZOBE

Labarin Zin'naariyâ! a Damagaram yake gudana, birnin Sarki Tanimun, wanda ya kasance hedkwatar Nijar har 1926. Tiyaa, ɗiyar gidan sarauta, ta komo daga karatu a Faransa, jikinta yana gida, hankalinta yana wurin saurayin da ta gamu da shi can, wanda take jiran ya zo neman aurenta. Ganin tana ramewa, sai aka nemi shawarar zimma, watau bokan Zabarmawa, ya ce a samo zoben aure na zinariya, a kuma jira tsayuwar wata. Cikin kwanakin jiran nan ne Tiyaa ta riƙa zama da mata manya da ƙanana, tana jin labarin soyayyarsu, da aurensu, da rabuwarsu, da haƙurinsu.

An yi fim ɗin da harsunan ƙasa, Zabarmanci da Hausa da Fillanci, an kuma ba sutura da kitso da ginin gargajiya haƙƙinsu. Mai lura zai ga bambancin matsayin da aka ba Zalika da wanda Rahmatu ta ba ɗiyarta. Tiyaa yarinya ce mai ilimi, mai kunya, mai asali, wadda dangi ke kewaye da ita. Uwa ta zaɓa wa ɗiyarta rigar da za ta iya shiga kowane zaure da ita.

Aikin kuwa ya karɓu. A FESPACO ta 2017 fim ɗin ya ci kyautar hoto mafi kyau. A 2018 shi ne fim na farko da Nijar ta taɓa aikawa gasar Oscar ta Amurka, a rukunin finafinan harsunan waje. Bai shiga cikin biyar na ƙarshe ba, amma sunan ƙasar ya shiga jerin da bai taɓa shiga ba. Ita kuma Magaajyia, wadda sunanta Magajiya ne da bakin Hausa, ta nuna ta ci sunan: a 2017 ta fito da gajeren fim nata na kanta, Vagabonds, wanda shahararren ɗan wasan Amurka Danny Glover ya fito a ciki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

GORI BAI MUTU BA

Kada a ɗauka zamani ya share kome. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram sun san finafinan Kano ciki da bai, tun suna zuwa a kaset har suka koma cikin salula. A can ma an ga uba ya kama hannun ɗansa: Ali Nuhu ya fito da ɗansa Ahmad a finafinai tun yana ƙarami, jama'a kuma suka yi na'am. Amma a watan Oktoba na 2016, makonni kaɗan bayan an nuna Zin'naariyâ! a Toronto, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga sana'ar saboda wani bidiyon waƙa da aka ga ta rungumi mawaƙin. Abin da aka yafe wa namiji, ba a cika yafe wa mace ba. Saboda haka uwar da ke ɗari-ɗari idan aka zo neman ɗiyarta ba ƙauyanci ke damunta ba. Tana tunanin ranar da za a zo neman aure, a fara bincike a unguwa.

Wata matsalar kuma ita ce wurin kallo. A zamanin Zalika, Yamai da Damagaram da Maraɗi suna da gidajen sinima, ma'aikaci ya kan tashi daga aiki ya biya kuɗin tikiti ya shiga. Gidajen nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya, har ya zama fim ɗin ɗan ƙasa ya fi saurin samun bango a Toronto ko Wagadugu bisa ga garin da aka yi labarinsa. Alfaharin iyaye kuwa a gaban dangi da maƙwabta yake cika. Kakar da ba ta ga jikanyarta a majigi ba, labari kawai ta ji.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN IYAYE

Ba kowace yarinya ke da uwa mai kamara ba. Yawancin yaran da ke fitowa a fim, mai fim ne ke ganinsu a lakwal ko a unguwa, ya biyo su gida neman izini. A nan ne ya kamata uba ya yi abin da ya saba yi a sana'arsa. Ɗan kasuwa ba ya sakin kaya sai ya san inda za su da abin da za su kawo. Ma'aikaci ba ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Ɗa ya fi buhun wake daraja, ya fi kowace takardar ofis.

Sai mahaifi ya nemi a ba shi labarin duka, ba yankin da yaronsa zai faɗa kaɗai ba, domin matsayin da aka ba yaro shi zai bi shi shekara da shekaru. Ya nemi a rubuta ladan aiki a takarda, a sa hannu gaban shaidu. Ya tabbata ɗaukar hoto ba ta ci lokacin karatu ba, kuma wani babba na gida yana wurin kullum, tun ba ga ɗiya mace ba. Rahmatu ta cika sharuɗɗan nan ba tare da wahala ba, tun da ita ce mai labarin, ita ce mai fim, ita ce uwa. Sauran iyaye sai sun tambaya, kuma ba abin kunya ba ne.

Bayan an gama, saura tsayawa. Ranar da wani ya tare yaro a hanya ya kira shi da sunan ɓarawon da ya fito a matsayinsa, ko wata ta yi wa yarinya habaici a gidan biki, uba da uwa su ne ya kamata su fara cewa wasa ne, da izininsu kuma aka yi. Irin wannan kariya ce jama'a ba su ba Zalika ba a lokacin da take bukatarta.

Ƴan kallo ma suna da nasu rabon. Wanda ya yi dariya da kuka a gaban bango, ya fito ya zagi wadda ta sa shi dariyar da kukan, bai yi adalci ba. A Yamai akwai babbar cibiyar al'adu mai sunan Umaru Ganda, a FESPACO akwai kyauta mai sunansa. Matar da ta tsaya a gaban kamararsa ta ɗauki zagin da ya biyo baya, ita ma ta cancanci a riƙa tunawa da ita duk ranar da wata uwa ta ga ɗiyarta a majigi ta yi guɗa.

Allah ya jiƙan Zalika Sule, ya raya zuri'ar kowa bisa hanya ta gari.