Yadda Hukumomin Gidaje na Amurka Suke Taimaka wa Masu Ƙaramin Ƙarfi da 'Yan Mazan Jiya Wajen Biyan Haya

In gwamnati ta ƙuduri niyyar samar wa talakawa muhalli, abin da aka saba gani shi ne ta yanki fili, ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi, ta raba. Ƙasar Amurka ma da haka ta fara, bisa ga dokar gidaje ta 1937, wadda ta ba hukumomin gidaje na birane da gundumomi kuɗi su yi gini su sa talakawa a ciki. Amma a yau iyalan da hukuma take taya biyan haya a gidajen mutane sun fi waɗanda suke zaune a gidajen hukuma yawa nesa ba kusa ba.

Mafarin Shirin

Cikin dalilan da suka sa aka sake shawara akwai abin da ya faru a birnin St. Louis na Jihar Misuri. A can an gina wata unguwa mai suna Pruitt-Igoe, benaye 33, kowane hawa 11. Ba a yi shekara ashirin ba kuɗin gyara suka gagara, masu ɗan abin hannu suka kwashe kayansu, ɓarayi suka addabi waɗanda suka rage. A 1972 aka fara rushe benayen da nakiya. Mutane da yawa suka ga cewa tara matalauta wuri guda, nesa da wurin aiki, yana iya ƙara musu wahala.

A 1974 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan wata doka wadda ta kawo tsarin da ake kira Sashe na 8. A 1998 aka haɗe rassan shirin, ya zama takarda guda wadda iyali za su riƙe su nemi gidan da suke so da kansu. Kuɗin daga Gwamnatin Tarayya suke fitowa, ta hannun Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, watau HUD, wadda aka kafa a 1965. Aikin yau da kullum kuwa yana hannun hukumomin gidaje na jihohi da birane da gundumomi, su kimanin 2,000. Su ne masu karɓar takardun masu nema, su tantance, su duba gida, su biya. Iyalai sama da miliyan 2 ne suke cin moriyar shirin.

Wanda Ya Cancanta da Abin da Zai Biya

Ba a auna talauci da ma'auni guda a ƙasar duka, domin tsadar zama a New York ba ɗaya take da ta ƙauye ba. Ana duba matsakaicin abin da iyalai suke samu a yankin. Bisa al'ada, wanda samunsa bai wuce rabin wannan ba yana iya nema. Har wa yau doka ta ce lalle kashi 75 cikin ɗari na sababbin shiga kowace shekara su fito daga cikin mafi talauci, watau masu samun kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin ko ƙasa da haka. Shirin na 'yan ƙasa ne da baƙin da suke da irin iznin zaman da doka ta amince da shi.

Ginshiƙin shirin shi ne iyali su biya kimanin kashi 30 cikin ɗari na samunsu na wata, bayan an yi musu rangwame saboda yara, ko tsufa, ko naƙasa. Hukuma ta cika sauran, ta aika wa mai gida kai tsaye kowane wata. A misali, in samun iyali dala 1,500 ne a wata, haya kuwa dala 1,200, iyali za su biya 450, hukuma ta biya 750. In aiki ya kuɓuce wa uban gida, sai a rage rabonsa. In albashi ya ƙaru, rabonsa ya ƙaru. Saboda haka wajibi ne iyali su faɗi gaskiyar abin da suke samu, ana kuma sake bincike akai akai.

Ya kamata a lura cewa hukuma ba ta biyan kowace haya da mai gida ya yanka. Kowace shekara HUD tana fitar da ƙiyasin hayar da ta dace a kowane yanki, hukumar wurin ta tsai da nata ma'auni, galibi tsakanin kashi 90 da 110 cikin ɗari na ƙiyasin. Wanda ya zaɓi gidan da ya fi haka tsada shi zai biya rarar, amma a farkon shiga ba a yarda abin da zai biya ya wuce kashi 40 cikin ɗari na samunsa ba.

Kafin a biya ko kwabo sai jami'in hukuma ya je ya duba gidan, kamar yadda duba-gari yake yi: ruwa, wutar lantarki, bayan gida, ɗumama ɗaki domin hunturu, da hanyar fita in gobara ta tashi. In ya ga aibi, sai an gyara. Bayan an shiga ma ana komawa lokaci lokaci, mai gidan da ya ƙi gyara kuma a tsai da kuɗinsa.

Inda Gizo ke Saƙa

Cancanta daban, samu daban. Majalisar Dokoki ce take yanke kuɗin shirin shekara shekara, kuma ba sa isa. An ƙiyasta cewa cikin iyalai huɗu da suka cancanci taimakon haya daga Gwamnatin Tarayya, ɗaya ne kawai yake samu. A manyan birane ana yin shekaru a layi. Wasu hukumomin sukan rufe rajista ƙwata-ƙwata, in sun buɗe na 'yan kwanaki kuma sai an jefa ƙuri'a kafin a san wanda zai shiga layin ma.

Wanda takarda ta zo hannunsa shi ma da sauran aiki. Ana ba shi wa'adi, mafi ƙaranci kwana 60, ya samo gida. Dokar tarayya ba ta tilasta wa kowane mai gida ya karɓe shi ba. Wasu suna gudun dubawa da jinkirin takardu, wasu kuwa ƙyamar talaka ce kurum. Jihohi da birane da dama sun yi dokar hana irin wannan ƙi, amma ba duka ba. In wa'adi ya cika ba a ƙara ba, takarda ta koma ga na baya a layi. Wannan rauni ne babba, domin takardar da mai gida ba ya karɓa ba ta tsare kowa daga ruwan sama.

Rabon 'Yan Mazan Jiya

Tsofaffin sojoji suna da tasu ƙofa. Tun bayan yaƙin Biyetnam aka lura da yawansu cikin masu kwana a titi, da yawa suna fama da rauni, ko taɓin hankali, ko shaye-shaye. A 1992 HUD da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji suka fara wani shiri na haɗin gwiwa mai suna HUD-VASH. Ya yi sanyi na wasu shekaru, sai a 2008, lokacin da ake yaƙi a Iraƙi da Afganistan, Majalisa ta ba da kuɗin takardu kimanin 10,000. Daga nan zuwa yau an ba da sama da 100,000.

A wannan shiri tsohon soja ba ya bin dogon layin jama'a. Asibitin tsofaffin sojoji ne yake tantance shi ya aika da sunansa ga hukumar gidaje, a ba shi wa'adin kwana 120 aƙalla. Ba a ƙin sa saboda tsohon laifi, sai fa wanda aka sa sunansa har abada cikin rajistar masu laifin lalata. Ba a kuma cewa sai ya bar shaye-shaye ko ya warke kafin a ba shi ɗaki. Ana fara ba shi wurin kwana, sa'an nan a bi da magani. Akwai jami'in jin daɗin jama'a da aka ɗora wa alhakinsa, ya raka shi neman gida, ya sasanta shi da mai gida in saɓani ya taso, ya ga cewa yana zuwa asibiti. Wannan jami'i yana kwantar wa masu gidaje hankali, domin sun san wanda za su kira.

A ƙidayar da ake yi a dare guda cikin watan Janairu, an sami tsofaffin sojoji marasa muhalli kimanin 74,000 a 2010. A 2024 sun ragu zuwa ƙasa da 33,000, alhali kuwa a wannan shekarar jimlar marasa muhalli a ƙasar ta hau ta wuce 770,000.