Fentin Alli: Abin da Sabon Shiga Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Ɗauki Burushi

A Ingila da Amurka akwai ƙananan shagunan kayan ƙawata gida da ke shirya ajin koyon fenti na wuni guda. Mutum zai shiga bai taɓa riƙe burushi ba, ya fito da yamma rungume da ƙaramar kujera ko firam ɗin hoto da ya sabunta da hannunsa. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne wani nau'in fentin ruwa da ake kira fentin alli. Idan ya bushe ba ya sheƙi, laushinsa a hannu irin na alli ne, kuma yana kama katako da ƙarfe da tangaran. Kada a rikita shi da baƙin fentin allon makaranta, wannan daban ne.

Wata mai zane 'yar Birtaniya, Annie Sloan, ita ce ta fito da shi a shekarar 1990. A lokacin tana renon 'ya'yanta maza uku, tana neman fentin da za ta shafa wa kayan ɗaki da safe, ta mayar da su mazauninsu kafin dare. Da ba ta samu a kasuwa ba, sai ta haɗa kai da wata masana'anta a Beljiyam aka haɗa mata. Kamfaninta yana birnin Oxford, kuma ta yi rajistar sunan Chalk Paint a matsayin mallakarta. Daga baya wasu kamfanoni, irin su Rust-Oleum, suka fito da nasu samfurin da wasu sunaye.

Abin da ke jawo sabon shiga shi ne sauƙi. Fentin mai yana buƙatar a kankare tsohon fenti, a goge da samfefa, a shafa fentin farko, sannan a jure wa wari da jiran bushewa. Fentin alli kuwa warinsa kaɗan ne, da ruwa ake wanke burushinsa, kuma shafi ɗaya kan bushe cikin kamar awa guda. Layin da burushi ya bari ma ba aibi ba ne, da yawa da gangan suke barinsa don kayan su yi kama da na da. Sai dai tallar da ake yi cewa ba ya buƙatar wani shiri ta sa mutane da dama sun yi asarar fenti. Shafin ne kawai ke da sauƙi, ingancin aikin yana ga abin da aka yi kafinsa da bayansa.

Matakin farko a ajin koyo shi ne wanki. Tsohon teburi ya sha maiƙo da ƙura da man goge katako, kuma fentin ruwa ba ya zama a kan maiƙo. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ya bushe sarai. Idan saman yana da santsi da ƙyalli sosai, a ɗan bi shi da samfefa don fentin ya sami abin kamawa. Akwai kuma katakon da ke fitar da launinsa, irin madaci da danginsa masu ja. Ka shafa fari tas, bayan ɗan lokaci sai ka ga tabo ja-ja ko ruwan ɗorawa yana ɓullowa, kuma ƙarin shafi ba ya rufe shi. Maganinsa a fara toshe katakon da shelak, wani irin banish. Shi ya sa malamai ke cewa a gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa kafin a bi jikin gaba ɗaya.

Wajen shafi, a motsa fentin da kyau domin garinsa yana kwanciya a ƙasan gwangwani. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne cika burushi da kuma ɗokin shafi na biyu. Shafin farko kan fito da dabbare-dabbare, sai hankalin mutum ya tashi ya dinga maimaitawa a kan ɗanye, ya ɗago abin da ya riga ya shafa. A bar shi ya bushe, na biyu ne ke daidaita launi. A lokacin hunturu iska na busar da shi da wuri, don haka a rufe gwangwani, a kuma tsarma da ɗan ruwa idan ya yi kauri.

Daga nan sai ado. Wanda ke son kamannin tsufa zai shafa launi biyu, ɗaya bisa ɗaya, sannan ya goge kusurwoyi da wajen mariƙi da samfefa mai laushi har na ƙasa ya leƙo. A bi wuraren da hannu ke yawan taɓawa, domin nan ne kaya ke suɗewa da kansu.

Mataki na ƙarshe shi ne kaki. Fentin alli yana shan ruwa da datti idan aka bar shi tsirara, don haka ake shafa masa kaki mai laushi da tsumma ko burushi. Kamar shafa mai ne a fata: kaɗan, a murza ya shige, a goge ragowar. Idan ya yi yawa, saman zai dinga danƙo yana kama ƙura. Mai son kaki mai duhu ya fara da marar launi, in ba haka ba duhun zai riƙe fentin ya ƙi goguwa. Kaki kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya taurare sosai, a wannan lokaci a yi ta lallaɓa kayan. Zafi yana narkar da shi, saboda haka bai dace da kayan da ke zama a rana ba. Teburin cin abinci kuwa ya fi son banish na ruwa.

Wanda bai sami na gwangwani ba zai iya haɗa makamancinsa a gida. Ana dama awo ɗaya na garin POP, wanda ake silin da shi, da awo ɗaya na ruwa har gudaji su mutu, sannan a zuba cikin awo uku na fentin ruwa. A haɗa daidai na aikin ranar domin yana daskarewa, kuma kada a zuba ragowar a magudanar ruwa, zai toshe ta.

Gargaɗi mafi girma ya shafi lafiya. Tsohon fentin mai na iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta ta a fentin gidaje tun 1978, amma a ƙasashe da yawa an ci gaba da sayar da irinsa shekaru masu yawa bayan haka. Ƙurar dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar yara ƙanana, kuma lahanin ba ya gyaruwa. Idan ba ka san asalin fentin da ke jikin tsohon kaya ba, kada ka goge shi a bushe. Ka yi aiki a fili, ka sa takunkumi, ka share da jiƙaƙƙen tsumma, ka nisanta yara da masu juna biyu.

Shawara ga mai farawa ita ce ya ɗauki ƙaramin abu, kamar faranti na katako ko 'yar kujerar tsuguno, ya koyi hannu a kai kafin ya taɓa kabad ɗin uwargida. Idan launin bai yi masa ba, ya bari ya bushe ya sake shafa wani a kai.