Ƙaramar Roba, Babbar Hasara

A ƙasar Ɗambatta yawancin gidaje masai na rami gare su, amma bayan gida mai tankin ruwa yana ƙaruwa, a makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen malamai da na fastoci. Wannan abu yana da kyau, sai dai yana da wata cuta wadda kan shigo a ɓoye. In dare ya yi tsit kuka ji ruwa yana tsiyaya cikin kwano alhali ba wanda ya ja, to, ruwan gidanku ne ke tafiya.

Bari mu yi lissafi. A ce kwatar lita ce ke zurarewa kowane minti. A awa ɗaya lita 15 ke nan, a kwana ɗaya kuwa lita 360, wato jarka 14 da ɗoriya, irin mai cin lita 25. Duk wanda ya sayi ruwa wurin 'yan garuwa da bazara, ko ya biya kuɗin man injin burtsatse, ya san nauyin wannan.

Kafin ku sayi kome, ku fara gane inda cutar take. Ku ɗaga murfin tanki ku duba. In ruwa ya cika har yana malala ta bututun da ke zubar da rara, laifin ƙwallon nan ne mai yawo bisa ruwa, ko bakin da yake toshewa. In ba haka ba, ku zuba 'yar bula ta wanki cikin tanki, ku dakata minti 20 kada kowa ya ja. In shuɗi ya bayyana a kwano, robar da ke rufe ramin gindin tanki ta gaji.

Tanki iri uku ne akan samu. Na fari shi ne tsohon yayi na Ingila, mai lanƙwasasshen bututu a ciki. Shi ba ya yoyo ta gindi, gama sai ruwa ya hau bututun kafin ya sauka. In faifan da ke cikinsa ya yage, za ku yi ta jan hannu ruwa ya ƙi zuwa. Na biyu mai abin dannawa ne a bisa murfi, robarsa kuwa kamar zobe take, shimfiɗaɗɗiya. Na uku yayin Amurka ne, mai roba kamar marfin tulu da sarƙa a jikinta. Raminsa yakan zama inci 2 ko inci 3, wato kusan santimita 5 ko 7 da rabi. Robar wani iri ba ta zama a wani, ta inci 2 kuma ba ta rufe ramin inci 3.

Saboda haka kada ku aiki yaro da cewa ya sayo "robar bayan gida" kawai. Ku rufe famfo, ku zubar da ruwan tanki, ku cire tsohuwar, ku auna faɗin ramin, ku rubuta sunan kamfanin in akwai shi a jiki. Ku tafi da tsohuwar a aljihu. In ba a same ta a gari ba, akwai masu kayan famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ta Sabon Gari cikin Kano. Ku ɗora sabuwa bisa tsohuwa ku gwada, ku lanƙwasa ta da yatsa. In ta sandare ko ta tsattsage, ku bar ta kome araharta, gama sake komawa Kano ya fi kuɗinta nesa.

Kafin ku sa ta, ku shafa bakin ramin da yatsa, ku goge yashi da dattin da ruwa ya bari. Sarƙa ta kasance da ɗan sako-sako, gama in ta ɗame roba ba za ta zauna ba. Ku guji jefa ƙwayar bilic cikin tanki, tana cin roba. In kun gama, ku sake gwajin bula.

'Yan'uwa, a Yohanna sura 6, bayan Ubangijinmu Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajiransa su tattara abin da ya rage, har kwando 12. In shi mai iko ya ƙosar da taro bai yarda da ɓarna ba, ina ga mu? Ku duba tankin gidanku yau, ku duba na makaranta da na majami'a kuma, ku koya wa yara su faɗa da zarar sun ji tsiyaya.