Yaron da Ya Nemi Likitanci Ya Samu Ilmin Nafsi

Duk shekara, idan hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin tsara shigar ɗalibai jami'o'in Nijeriya, ta buɗe ƙofar cike takardu, sai ka tarar a gidaje da yawa mahaifi ya riga ya yanke hukunci tun kafin a ji ta bakin yaron, kuma hukuncin ba ya wuce ɗayan uku: likita, lauya ko injiniya. Ban ga laifin iyaye ƙwarai ba, domin wanda ya sha ɗawainiyar makaranta shekara goma sha biyu ba a hana shi fatan cin moriya. Sai dai kujerun likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa kamar farin ɗango, saboda haka akan tura yaro wani fannin da ko sunansa bai taɓa ji ba.

Haka ta auku ga wani ɗan ƙanena, wanda ya nemi likitanci aka ba shi saikoloji, wato ilmin halayyar ɗan Adam, abin da malaman Larabci ke kira ilmun nafsi. Mahaifiyarsa ta yi salati, ta ce ashe likitan mahaukata za a mayar mata da ɗa; abokansa kuwa suka riƙa miƙa masa tafin hannu wai ya yi musu duba. Ya tafi ne da niyyar ya lallaɓa shekara guda ya sake jarrabawa.

Abin da ya warware wannan niyya darasi ɗaya ne a kan wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, wanda ya zauna yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage a kansa bayan sa'a guda, da bayan kwana guda, da bayan wata guda, har ya bayyana a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana afkuwa ne a sa'o'in farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya. Yaron nan ya yi makarantar allo, sai ya tuna yadda malaminsu ba ya yarda a wanke allo sai an biya da dare an kuma sake biyawa da asuba, ga kuma tilawar baya da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Da ya zo hutu ya ce mini, "Baffa, ashe abin da Malam yake tilasta mana da dorina, akwai wanda ya zauna ya auna shi da lissafi."

Turawa suna ƙirga mafarin wannan fanni daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig, amma bahasin ya girmi haka nesa ba kusa ba, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi, da wanda yake sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya kuma yi magana a kan waswasi da maganinsa. Kan abin da ya saɓa wa aƙida a nazarin Turawa kuwa, Farfesa Malik Badri na Sudan ya yi gargaɗi tun 1979 cewa a tace kafin a sha.

Da ta ce likitan mahaukata, mahaifiyar yaron ta haɗa abu biyu ne. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama likitanci tukuna, shi ne mai rubuta magani. Masanin halayya kuwa aikinsa gwaji da saurare da shawara, kuma ba ya zama ƙwararre a asibiti sai ya ƙara digiri na biyu. Ba zan ɓoye ba, digirin farko kaɗai ba ya kawo aiki da sauri. Amma wanda ya leƙa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, ya ga samarin da ƙwaya ta lalata, ko ya zauna da matan da rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu, ba zai ce babu bukata ba.

Yaron yana shekara ta uku yanzu, bai sake jarrabawar ba. Iyaye, kafin ku cike wa ɗanku takarda bana, ku zaunar da shi ku tambaye shi wane darasi ne yake karantawa ba tare da an sa shi ba.